Katunan jiragen Elder Dempster: wane Apapa ne wannan, kuma yaya za a raba su da funfuna?

Ɗan Nima:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai katunan gidan waya guda 23 a hannuna masu hoton jiragen ruwa, duk na kamfanin Elder Dempster na Ingila mai jigila tsakanin Liverpool da Afirka ta Yamma, in ban da biyu da suka nuna bakin tekun Ankara (wato Accra) da kwale-kwale. Shekara da shekaru suna cikin adaka tare da takardun fili. Uku ne suka fi ɗaure mini kai. Na farko baƙi da fari ne, an rubuta Apapa a ƙasansa, a baya da kan sarkin Gold Coast (tsohon sunan Ghana) mai fuskar Sarki George na Biyar, amma hatimin ya dushe, shekarar ba ta karantuwa. Na biyu mai launi ne, M.V. Accra, kan sarkinsa na Ingila mai kan Sarauniya Elizabeth ta Biyu, hatimin kuwa na Takoradi, da wata kalma Paquebot a gefe. Ta yaya kan sarkin Ingila zai sha hatimin Takoradi? Na uku farin jirgi ne fat, ba suna ba rubutu. Ina son sanin wane jirgi ne kowanne da kimanin shekararsa. Sannan wasu sun fara funfuna, huɗu kuma sun manne da juna. An ba ni shawarar in kai a yi musu laminatin. Masana a taimaka.

Baba na Ashaiman:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, kada ka kai su laminatin. Bayanin wannan na bar wa waɗanda suka fi ni sanin takarda, ni bari in yi maka maganar jiragen.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne kamfanin yana maimaita suna. Jirgi ya nutse ko ya tsufa, sai a ƙera wani a raɗa masa sunan na baya. Saboda haka sunan da ke ƙasan kati shi kaɗai bai isa shaida ba.

Apapa uku aka yi. Na farko na 1914 ne, mai tafiya da tururi, bai daɗe ba: jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya harbe shi ranar 28 ga Nuwamba 1917 kusa da tsibirin Anglesey, saura ƙiris ya shiga Liverpool, mutum 77 suka rasu. Na biyu kamfanin Harland and Wolff ya ƙera shi a Belfast, ya fara aiki a 1927, mai injin dizal. Jirgin saman Jamus ya jefa masa bam ranar 15 ga Nuwamba 1940 a yammacin Ireland, ya nutse. Na uku na 1948 ne, ƙirar Vickers-Armstrongs a Barrow, an sayar da shi Hong Kong a 1968 aka canza masa suna zuwa Taipooshan. Naka tunda kan sarkinsa na George na Biyar ne, na ukun ya fita. Tsakanin na farko da na biyu, dubi haruffan da ke gaban sunan. M.V. na nufin mai inji, wato na 1927. In babu haruffan, dubi bututun hayaƙi: jirgin gawayi bututunsa dogo ne siriri don ya ja iska wuta ta ci, na dizal kuwa gajere ne kakkaura.

Accra mai kan Sarauniya ba shi da wuya. Accra na 1926, ɗan'uwan Apapa na biyu, an nutsar da shi ranar 26 ga Yuli 1940, wato wata huɗu bai cika ba tsakanin asararsu. Sarauniya kuwa sai 1952 ta hau. Naka na 1947 ne, mai tan 11,600 da 'yan kai, wanda ya yi shekara ashirin yana zirga-zirga aka farfasa shi a Cartagena ta Sifaniya a 1967.

Farin kuwa Aureol ne, in dai bututunsa rawaya ne kuma guda ɗaya. Accra da Apapa na bayan Yaƙin Duniya na Biyu ruwan toka aka san su da shi, shi ne fari a cikinsu, shi ne kuma babba, tan 14,083. Alexander Stephen and Sons suka ƙera shi a Glasgow, ya yi tafiyarsa ta farko daga Liverpool zuwa Ikko (Legas) a Nuwamba 1951. Sunan na wani dutse ne da ke saman Freetown. Su ukun nan su suka riƙe hanyar wasiƙu: Liverpool, Las Palmas, Freetown, Takoradi, Ikko, kusan mako biyu zuwa kawai. Da jirgin sama ya kwashe fasinja aka sallami biyun, ya rage shi kaɗai, a 1972 aka mayar da tashinsa Southampton, a Oktoba 1974 ya yi zuwan ƙarshe. Attajirin nan na Girka John Latsis ya saye shi ya sa masa Marianna VI, ya kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikata. Ya kai 2001 kafin a yanka shi a Alang ta Indiya. Shekara hamsin cif. Ƙalilan ne cikin jiragen zamaninsa suka kai haka.

Malam Mai Kan Sarki, Tudu:

Baba ya gama da gaban kati, ni zan juya bayansa, don a can shekarar take.

Paquebot kalmar Faransanci ce, ma'anarta jirgin wasiƙu. Dokar gidajen waya ta duniya ta yarda wanda ke tsakiyar teku ya manna kan sarkin ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta. Jirgin Ingila, kan sarkin Ingila. In an iso tasha sai a miƙa jakar wasiƙun ga gidan wayar garin, su buga hatiminsu su ƙara wannan kalma don kada a ce kan sarkin bai halatta ba. Ashe katinka a cikin jirgi aka rubuta shi, aka sauke shi a Takoradi. Kada ka ɓare kan sarkin. Haɗuwarsa da hatimin a wuri guda ita ce darajar katin, in aka raba su kowanne ya zama banza.

Yanzu sa gilashin ƙara girma mai ninki goma a gefen hatimin. In ƙasan da'irar ya ce Gold Coast, to tsakanin ƙarshen 1952 ne da 1957. In Ghana ne, daga Maris 1957 zuwa 1967. Ka ba da ɗan rata, don ba a rana ɗaya aka canza duk hatiman ƙasar ba.

Ga sauran katunan, kuɗin da ke jikin kan sarki agogo ne. Kwabo, taro da sisi masu harafin d, tare da sule, sun yi aiki har Yuli 1965 da sidi da pesewa suka shigo. In ka ga Np, sabon sidi ne, daga Fabrairu 1967. Masu rubutun Ghana Independence 6th March 1957 da aka buga a kan tsofaffin na Gold Coast, sun faɗi shekararsu da bakinsu. A na Ingila kuma, ƙaramin p maimakon d yana nufin bayan Fabrairu 1971, lokacin Aureol ne kaɗai ya saura.

Na George na Biyar ɗin, duba ko akwai hoton gidan Christiansborg, wato Osu Castle, tare da fuskar sarkin. Wannan samfurin sai 1928 ya fito. Kuma ka tabbata shi ne: na Biyar mai gemu ne, na Shida ba shi da gemu, shi ma nasa na 1938 da gidan a ciki, nan ake yawan tuntuɓe.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe: hatimi yana faɗin ranar da aka aika kati ne, ba ranar da aka ɗauki hoto ba. Kamfani kan buga dubbai ya yi shekara goma yana rabawa fasinja. Kati mai hatimin 1964 hotonsa na iya zama na 1950. In za ka rubuta bayani, rubuta "an aika a shekara kaza", kada ka rubuta "hoton shekara kaza".

Alhaji na Aboabo, Kumasi:

Malam, Allah ya ƙara sani. Ni katunan nan biyu na kwale-kwale da ya ambata a gurguje su suka fi jan hankalina, don su ne tarihinmu kai tsaye.

A wancan zamani Ankara ba ta da tashar da babban jirgi zai jingina. Can nesa yake kafa anga, kwale-kwale su tashi daga Jamestown su keta igiyar ruwa su je su same shi, matuƙa suna tuƙi da filafili mai baki uku. Buhunan koko haka suke fita, kaya haka suke shigowa. Fasinja kuma a wani akwatin katako mai kujeru ake zaunar da su, injin ɗaga kaya ya ɗaga su ya sauke cikin kwale-kwalen da ke rawa a ƙasa. An buɗe tashar Takoradi a 1928, lokacin Gwamna Guggisberg ya riga ya tafi, ko da yake shi ya assasa aikin, amma kwale-kwalen Ankara ba su daina ba sai da aka buɗe Tema a 1962. Saboda haka ganin kwale-kwale kawai ba ya nufin katin ya girmi 1928. Juya bayansa. In babu layin da ya raba wurin adireshi da wurin saƙo, ya tsufa ƙwarai, farkon shekarun 1900 ne ko kafin nan. Ka duba sunan mai bugawa da ƙananan haruffa a gefe, da yawa na Basel Mission Book Depot ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da katunan kamfani shi ne ɗakin cin abinci da falon manya kawai suke nunawa. Mutanenmu ba can suke ba. A fili suke tafiya, saman jirgi ƙarƙashin tamfol, kowa da tabarmarsa da butarsa da guzurinsa, ga huhunan goro a gefe ana yayyafa musu ruwa kada su bushe kafin Ikko. Tun da layin dogo ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903 goron Asante ya ƙara bin teku maimakon doguwar hanyar fatake ta Salaga, kuma Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda aka sani da wannan fatauci. Duk wanda ya sami kati ko hoto mai nuna waɗannan fasinjan fili, ya riƙe shi da hannu biyu.

Mai neman sunan kakansa kuma ya sani: jerin fasinjan da ke gidan adana takardun gwamnatin Ingila na masu shiga ko fita Birtaniya ne, ya kuma tsaya a 1960. Wanda ya hau a Takoradi ya sauka Ikko kada ya sa rai a can. Takardun kamfanin kansa suna gidan tarihin teku na Merseyside a Liverpool, na gida kuma a fara da PRAAD, gidan adana takardun gwamnatin Ghana, a Ankara.

Hajiya ta Sabon Zango:

Ɗana, laminatin zafi ne da gam. Yana narkewa ya shiga cikin takarda, ba ya fita har abada, in kuma da danshi a ciki an rufe shi ke nan tare da funfunar. Salatif ma haka, bayan 'yan shekaru sai ya bar jan tabo.

Fara da raba masu funfuna da masu lafiya. Shimfiɗa farar takarda a inuwa inda iska ke wucewa, ka jera su ɗaya-ɗaya kwana biyu. Ban da rana, tana kashe launi ta kuma nannaɗe kati. In funfunar ta bushe ta zama gari, fita waje, rufe hancinka, ka share da burushi mai laushi irin na kwalliya, daga tsakiya zuwa gefe. Kada ka goga da tsumma, jiƙaƙƙe ko busasshe, tura ta ciki za ka yi. Ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa da suka riga suka kama takarda ba sa fita, a bar su.

Kafin ka taɓa waɗanda suka manne, sa gilashi a kan gefen hoton da ke bayyane. In ka ga ƙananan ɗigo a jere kamar raga, bugun tawada ne. In babu ɗigo, mai yiwuwa hoto ne na gaske da aka wanke, fuskarsa na da wani shafi mai kama da ƙaro wanda danshi ke mayarwa gam. Na tawada marasa sheƙi za ka iya gwadawa: roba mai murfi, tawul mai ɗan laima a ƙasa, rariya a kife a kai, katunan a kan rariyar ba sa taɓa ruwa. Rufe, ka riƙa dubawa duk rabin awa, kada ya wuce awa uku. Zura siririn abu marar kaifi daga kusurwa a hankali, da ka ji turjiya ka tsaya. Hoton gaske da masu sheƙi in suka manne fuska da fuska, ƙyale su haka. Ja ɗaya zai ɗebe hoton ya bar farar takarda.

Wajen ajiya, adakar ƙarfe ita ce abokiyar gaba: tana gumi da dare, tana tsatsa. Kowane kati ya sami ledarsa, amma irin mai alamar PP ko lamba 5. Mai lamba 3, wadda ke warin sabuwar ledar tebur, tana fitar da maiƙo ta kwashe tawada. Jera su a tsaye cikin roba mai murfin da ke kamawa gam, mai cin lita biyar, da giram 100 na ƙwayoyin silika a ɗaure cikin ƙyalle, da ƙaramin ma'aunin danshi. Ana son danshin ya zauna tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari. Da ya haura 65 funfuna ta sami gida, iskar Ankara kuwa da damina ta fi haka nesa. In ƙwayoyin suka ƙoshi, awa biyu a oben mai zafin digiri 110 zuwa 120 na ma'aunin Celsius ya dawo da su. Kada robar ta zauna a ƙasa ko jikin bangon waje. Kafur na korar kyankyaso, amma a wajen robar, ba ciki ba. Rubutu da fensir kawai, mai laushi, a kan leda ko wata takarda daban ya fi.

Ɗan Nima:

Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Na duba. Sarkin mai gemu ne, ga gidan Osu a ƙarƙashinsa. Babu ɗigo a hoton Apapa, amma gefensa na wani ƙyalli kamar azurfa in na karkata shi. Datti ne in goge?

Malam Mai Kan Sarki, Tudu:

To, Apapa na biyu ne, an aika katin tsakanin 1928 da wajen 1938. Ka tabbata dai gidan ba na Windsor ba ne, wanda ke jikin kan sarki mai faɗin nan na bikin cikar sarkin shekara 25 a kan mulki, shi da 1910 da 1935 a rubuce a jikinsa.

Ƙyallin ba datti ba ne. Azurfar da ta yi hoton ce danshi ya taso da ita sama, kuma alama ce cewa hoton gaske ne. In ka goge, hoton ka goge. Riƙe shi ta gefe da busassun hannuwa, ka ɗauki kwafinsa a sikana a kan 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, gaba da baya, kafin ya shiga leda. In ka sa hoton bayan a nan, a ƙara hasken gefe ɗaya da fitilar waya a kwance, sau da yawa shatin lambobin hatimi yakan fito ko tawadar ta tafi.