Batirin jel a akori-kura: in maye gurbin na motar ko in haɗa su biyu?

Sani Direba, Gumel:
Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Hilux, Alhamis ina Maigatari, Lahadi ina Gujungu. Na ɗora ƙaramin firij mai aiki da batir a baya ina sanyaya zoɓo da ruwan leda, kuma wallahi da zafin nan ciniki yake yi. Amma in na kashe mota tun hantsi, kafin la'asar batir ya sauka, sai an tura ni. Yayana ya ba ni batirin jel na sola, 100Ah, da sauran ƙarfinsa. Wani yaro a gareji ya ce batir duk batir ne, in cire nawa in sa shi kawai. Raina bai kwanta ba. Masu sani ku taimaka.

Malam Isa Rewaya, Haɗejiya:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Don Allah kar ka bi maganar yaron nan. Na motarka an yi shi ne ya ba kik wuta mai yawa cikin 'yan daƙiƙu, na jel kuwa a hankali yake bayarwa na tsawon lokaci. Ka bar kowa a aikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne caji. Asid ɗin cikin na jel an cakuɗa shi da silika ya daskare kamar kamu, kuma a rufe yake, ba a ƙara masa ruwa. Yawancinsu bolt 14.1 suke so, wasu har 14.4, an rubuta a jikinsa, ka duba. Altaneta kuwa, wato abin da ke caja batir in mota na aiki, musamman tsohuwa da regiletarta ta gaji, tana iya wuce haka. In wuta ta yi yawa sai iska ta taru a cikin jel ɗin ta bar ramuka, kuma ramukan ba sa cikewa. Ba za ka ga komai a waje ba, sai dai ka lura ya daina riƙe wuta. Na sha ganin irinsu an kawo mini a kumbure, mai shi yana zagin wanda ya sayar masa, alhali altaneta ce ta dafa shi.

Ka tada mota, a ɗora mita a kan batir a ga nawa take bayarwa. Sannan kar ka haɗa su kai tsaye da waya ɗaya, firij zai zuƙe su duka biyun. Ka nemi cajar DC zuwa DC mai saitin GEL, wato wadda ake sawa tsakanin batirin mota da na jel ta daidaita wutar, a Kano za ka samu. Waya mai kauri, da fiyus dab da jan kan (+) kowane batir. Wajen aiki baƙin kai (-) ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe.

Habu Mai Sola, Ringim:
Oga Isa ya gama magana. Ƙari ɗaya: kar na jel ɗin ya shiga ƙarƙashin bonet. Lambobin nan na jikinsa na yanayin digiri 25 ne, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, kuma in zafi ya ƙaru bolt ɗin da yake iya ɗauka raguwa yake. Ka yi masa akwati a inuwa, mai shan iska, ka ɗaure shi sosai saboda gargada. Kuma rabin wutarsa kawai za ka ci. In firij ɗinka am 5 yake ja, ka lissafa wajen awa 10. Da mita ta nuna bolt 12.2 ka kashe firij ɗin.

Sani Direba, Gumel:
Allah ya saka da alheri. An auna ɗazu, 14.6 take bayarwa. In kuɗin cajar bai samu yanzu ba fa?

Habu Mai Sola, Ringim:
To kar ka haɗa shi da motar ko kaɗan. Ka kai shi gidan yayanka ya cika da sola, a saita kwantirola a kan GEL, ranar kasuwa ka ɗora shi a baya shi kaɗai da firij. Da ka dawo a mayar da shi caji, kar ya yi kwanaki a sauke.