An ƙara wa maigidana albashi, amma kuɗin ba sa kai mu ƙarshen wata

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A da albashin maigidana yana kai mu ƙarshen wata, har a ɗan ajiye wani abu. Bana an yi masa ƙarin kashi 10 cikin 100, amma tun wata bai yi nisa ba muke fara cin bashi. Shi gani yake ni ce ba na tattali. Don Allah yaya zan gane ko kuɗin ne suka rage daraja, ko hannuna ne ya yi sake?

Wani malamin lissafi:
Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Bar albashin da ke rubuce a takarda, ki duba abin da ke shigowa hannu bayan an cire haraji da fansho. Sai ki auna shi da tashin farashi. In an ƙara 10, kaya kuma sun tashi da 15, raba 110 da 115, za ki samu kusan 96 cikin 100. Ƙari dai an yi, amma abin da kuɗin ke iya saye ya ragu da wajen kashi 4. Idan kuma ƙarin ya haura da shi wani matakin haraji, ko goman ma ba duka za ta iso gida ba.

Wata uwa:
Malam, lissafinka daidai ne, sai dai alkaluman hauhawar farashi da hukumomi ke fitarwa matsakaici ne na kowa da kowa. Tun 1857 wani masanin ƙididdiga ɗan Jamus, Ernst Engel, ya nuna cewa gwargwadon ƙarancin kuɗin gida, gwargwadon girman kason da abinci ke lashewa. To in abinci da haya da kuɗin mota suka fi komai tashi, mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa ji a jika. Mai hali zai fasa tafiya shaƙatawa. Ke me za ki fasa, girkin dare?

Wani ɗan'uwa:
Ba gidanku kaɗai ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a rabin farko na 2022 ainihin darajar albashi a duniya ta ragu da kashi 0.9. A Amurka ma mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan dala 7.25 a awa tun 2009, farashi kuwa bai tsaya jiransa ba.

Wata uwa:
'Yata, ki daina gardama da baki, ki sayi ɗan littafi. Rubuta abubuwan da ba makawa sai an saya duk wata, da yawansu, da farashinsu na bara da na yau. Kada ki sauya yawan, in ba haka ba lissafin zai ruɗe. Ki miƙa masa bayan ya ci ya huta, ba ranar da kuɗi suka ƙare ba.

Wani dattijo:
Littafin nan ya nuna kowa fa, har shi maigidan da kuɗin katin wayarsa. Kuma shi ne hujjar da zai riƙe ranar da zai nemi ƙari a wurin aiki. Bashi mai ruwa dai ku fara kashe shi kafin komai.