Na Cije a Babi na Uku, Ina Neman Shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a fannin sarrafa ilimi a nan Kano, wata huɗu ke nan na kasa gaba na kasa baya a babi na uku, wato babin hanyoyin gudanar da bincike.

Bincikena kan yadda marinan Kofar Mata ke miƙa sanin sana'a ga yaransu ne. Na ɗauki tsarin Nonaka da Takeuchi na 1995, mai bayanin yadda ilimin da ke cikin hannu da ƙwaƙwalwa ke komawa rubutacce. A takarda abin daram. Amma da na tsuguna bakin karofi na tambayi wani dattijo yadda yake gane baba ya nuna, sai ya tsoma yatsa, ya shinshina, ya ce, "Yaro, ai gani ake yi." To wannan wane jadawali zai ɗauke shi?

Malamina kuwa ya kafe sai na raba takardun tambayoyi na yi lissafi da SPSS, wata manhajar kwamfuta ta nazarin alƙaluma. Ni a ganina zama da su da hira ya fi, amma ba na son musu da mai sa hannu.

Wanda ya taɓa haɗa hanyoyin biyu, don Allah yaya ya tsara babin? Kuma mutum nawa za a yi hira da su kafin a ce ya wadatar?