Sunan Yakubu: da gaske suna yana bin yaro?

Maman Godiya:
Salama gare ku 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara, na haihu ranar Laraba an samu namiji, maigida ya ce sunan marigayi babansa zai sa masa wato Yakubu, to jiya wata 'yar zumuntar mata ta zo barka ta ce wai kar mu kuskura, Yakubu na Littafi Mai Tsarki mayaudari ne kuma suna yana bin yaro, shi ya sa ma Allah ya canja masa. Tun jiya hankalina bai kwanta ba, ga suna ya matso. Masu sani ku taimaka.

Baban Bege:
Barka da arziki 'yar'uwa, Allah ya raya. Gaskiya maganar matar nan ba a banza ta fito ba. A Farawa 25:26 an sa masa sunan ne don ya fito yana riƙe da diddigen wansa Isuwa, shi kansa Isuwan a 27:36 ya ce sunan ya dace da shi tunda sau biyu yana cutarsa. Kuma Allah ba ya wasa da suna, Abram yana da shekara 99 ya mayar da shi Ibrahim, Saraya ta zama Saratu. Ko Rahila matar Yakubu da ta sa wa ɗanta Ben-oni tana bakin mutuwa, uban bai bar shi da sunan baƙin ciki ba, ya ce Biliyaminu. Ni da ni ne sai in zaɓi wani.

Malamar Lahadi:
Yaya ban yarda ba fa. In sunan abin gudu ne me ya sa bayan an canja shi zuwa Isra'ila, Allah da bakinsa ya ce wa Musa shi ne Allah na Ibrahim da Ishaku da YAKUBU a Fitowa 3:6? Kuma Yahudawa ba su daina sa sunan ba, baban Yusufu mijin Maryamu Yakubu ne (Matiyu 1:16), cikin manzanni 12 akwai Yakubu har biyu, ga wasiƙar Yakubu da muke karantawa kullum a coci. Sai Yabez, wannan ne ma ya fi taɓa ni, uwarsa ta sa masa sunan ne don da wahala ta haife shi amma 1 Tarihi 4:9-10 ya ce ya fi 'yan'uwansa daraja, ya roƙi Allah kuma Allah ya ba shi abin da ya roƙa. Tsoratar da maijego da irin wannan magana bai dace ba ko kaɗan.

Kaka Talatu:
'Yata ki kwantar da hankalinki. Mu da a ƙauye matar da 'ya'yanta ke mutuwa in ta sake haihuwa sai a ce Ajuji, kuma da idona na ga masu sunan sun tsufa har da jikoki, ba wanda ya ƙare a juji. Mijinki babansa yake kewa, kar ki hana shi. In dangi na jin nauyin kiran sunan sai ku riƙa ce masa Abba ko Baba ƙarami.

Maman Godiya:
Na gode Mama, na gode kowa. Na nuna wa maigida, ya ce Yakubun za a sa, ni kuma zan ƙara da Nasara. Baban Bege kai ma muna gayyatarka, da safe za a yi a gida.