Wace kalma za mu sa wa biranen Koriya da suka fita daga ƙarƙashin lardi?

Jama'a, ga wata kalma da nake so mu tsayar. A Koriya ta Kudu akwai biranen da aka ba matsayin gwangyeoksi: Busan, Daegu, Incheon, Gwangju, Daejeon da Ulsan. Masu fassara labarai kan ce "babban birni" su wuce, kuma wannan na damuna, domin da zarar Bahaushe ya ji babban birni, hankalinsa fadar ƙasa yake tafiya. Fadar ƙasa kuwa Seoul ce.

Ga abin da matsayin ya ƙunsa. Ƙasar ta kasu larduna, su suna cewa do, kowanne da gwamnansa. Waɗannan birane an cire su daga hannun gwamna gaba ɗaya. Magajin garin Busan ba ya amsa umarnin gwamnan lardin Gyeongsang ta Kudu, kafaɗa da kafaɗa suke. Busan ce ta fara samun haka a 1963, Daegu da Incheon a 1981, Gwangju a 1986, Daejeon a 1989, Ulsan ta zo ƙarshe a 1997. Sunan farko jikhalsi ne, wato birnin da gwamnatin tsakiya ke riƙe da shi kai tsaye, sai a 1995 aka sauya shi zuwa gwangyeoksi.

Wani ɗan'uwa ya kawo "alƙarya". Kalma ce mai daɗi, tamu ce ta gado, amma girma take nunawa, alhali yawan jama'a ba shi ne ke yanke hukunci ba. Suwon ta fi Ulsan mutane, amma har yau tana cikin lardin Gyeonggi. "Maraya" ma ba za ta ɗauka ba, don maraya kishiyar karkara ce, su kuwa waɗannan birane suna da karkararsu a ciki. Tsibirin Ganghwa da gonakinsa na shinkafa duk Incheon ne, haka Gijang ta bakin teku Busan ce.

Malamai da dama sun karkata ga "birni mai cin gashin kansa". Nan ne na tsaya na ƙi. Sejong, wadda aka kafa a 2012 aka kwashe ma'aikatun gwamnati da yawa zuwa can, sunan matsayinta ne ke ɗauke da cin gashin kai a harshensu. In muka ba Busan wannan laƙabi, me za mu kira Sejong?

Shawarata: birni mai matsayin lardi. Jam'i, birane masu matsayin lardi. Na san ta ɗan yi tsawo a bakin mai karanta labarai, amma tana faɗin gaskiyar abin. Na guji "birnin lardi" don za a zata hedikwatar lardi ake nufi. Na kuma zaɓi lardi a kan jiha saboda Koriya ba tarayya ba ce, kodayake 'yan'uwanmu na Nijar da ke cewa jihar Yamai za su iya cewa mai matsayin jiha, ma'anar ba ta ɓata ba.

Seoul ta zauna a "birni na musamman", fassarar teukbyeolsi ke nan, magajin garinta har zaman majalisar ministoci yake halarta. Sejong kuma "birni na musamman mai cin gashin kansa". Wanda ke da kalma ɗaya tak da za ta maye gurbin "mai matsayin lardi" ba tare da ta koma girma ko yawan jama'a ba, don Allah ya kawo mu gwada ta a kan Suwon da Ulsan.