Alamomin kansar hanji a jikin ɓera: shawarwarin masu bincike a Legas

Masu binciken da suka yi taro a Yaba, wata unguwa a Legas, sun fi daɗewa kan CEA, sunadarin da ƙwayoyin kansar hanji ke ɗauke da shi. Ɓera ba shi da irin na mutum. In aka dasa masa ƙwayoyi masu CEA, garkuwar jikinsa kan far musu a matsayin baƙi, a zaci maganin da ake gwadawa ne ya ci. Don haka a nemi ɓeran da aka sa wa ƙwayar halittar gado ta CEA ta mutum.

A kula ƙwayoyin kansar da za a dasa su dace da nau'in ɓeran: ƙwayoyin CT26 na ɓera nau'in BALB/c ne, na MC38 kuma na nau'in C57BL/6.

Tsokar hanji kada ta wuce awa 48 a fomalin, ruwan da ake adana tsoka a ciki, don alamar da ake nema, wato CEA, kan ɓuya. Ta firiza kuwa, ga halin wutar Legas, a rarraba ta ƙanana, don narkewa da sake daskarewa na lalata sunadarin.