Akwatin wufa: in rufe shi ruf ko in sa masa bututu?

Ɗan Gada Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Daga Gusau nake, ina neman shawara kafin in ɓata katako. Na sayi wufa, wato lasifikar da ke ba da sauti mai kauri, inci 12 ta hannu, irin ta mota, ohm 4, ba kwali ba takarda. Amfilifayata wat 150 ce, kuma da sola nake amfani. Falona ƙafa 12 ne da 14, rufin kwano da silin. Ba kiɗan biki nake nema ba. So nake in muna kallon fim da yara bayan isha'i, aka yi tsawa ko jirgi ya tashi, mu ji rugugin har ƙirji amma maganar 'yan wasa ta fito tas. Kafintana ya ce a huda rami a gaba kawai, haka yake yi wa masu DJ. Hankalina bai kwanta ba. Wanne ya fi?

Mai Gidan Kallo, Talatar Mafara:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, sa bututu. Amfilifayarka ƙarama ce, kuma mai bututu ya fi ba da ƙara da wuta ɗaya. Nawa shekara huɗu ke nan yana aiki, ranar wasan ƙwallo har bakin titi ake jinsa. Sai dai ka sa raga a bakin ramin. Ɓera ya taɓa shigar mini ya cinye waya, ga ƙurar hunturu.

Injiniya Ƙaura:
Maganar Mai Gidan Kallo gaskiya ce ta fuskar ƙara, amma shi rumfa gare shi mai cin mutum ɗari, kai kuwa falo ne. Kuma ramin nan ba hudawa kawai ake yi ba, lissafi ne. Girman akwati da faɗin bututu da tsawonsa su ne suke tsayar da inda zai yi amo. Misali, akwati mai lita 100 da bututun PVC inci 4, in kana son ya tsaya wajen Hz 25 (Hz ma'aunin sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri) saboda fim, tsawon bututun zai kai kusan santimita 30. Ka rage akwatin zuwa lita 50, bututun sai ya doshi santimita 70, ina za ka cusa shi? Ramin da kafinta zai huda a katako ba bututu, sauti ɗaya zai riƙa bugawa, bum bum, tsawa da ganga da rufe ƙofa duk su zama abu guda.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka da takardar wufar. A takardar ake duba lambobi uku masu nuna halin wufa, Fs da Qts da Vas. In Qts ya gaza 0.4 galibi ta dace da bututu, in ya haura haka rufaffe ya fi mata. Da kana da su sai ka zuba a WinISD, manhaja ce ta kyauta, ta zana maka komai. Tunda babu, rufaffe ne mai yafiya: ko ka kuskure da lita biyar ko goma, kunne ba zai kama ba sosai.

Akwai kuma haɗari. A ƙasa da inda aka tsayar da bututu, iskar ciki ba ta riƙe wufar, sai ta yi ta lilo ba birki. Fim kuwa yakan zo da sauti ƙasa da Hz 20. In amfilifayarka ba ta da matatar da ke yanke wannan, wata rana sai ka ji ƙauri. A rufaffe, iskar da ke ciki ita ce birkin.

Ni dai da ni ne, rufaffe zan yi, cikinsa santimita 40 da 35 da 36, kusan lita 50 ke nan. Ka yanke sautin a Hz 80, sauran ka bar wa ƙananan lasifiku, a nan maganar 'yan wasa za ta fito. Ka ajiye shi a kusurwa, bango biyu za su ƙara maka rugugi kyauta. Sannan ka duba ko amfilifayar tana ɗaukar ohm 4, wasu na gida 8 suke so.

Kafintan Tudun Wada:
Injiniya ya gama magana, ni ta katako zan ƙara. MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, mai kaurin milimita 18, kada ka yarda da mai 12. Gam a kowace gaɓa kafin sukuru, a sa sandar katako ɗaya a tsakiya ta tokare gefe da gefe. Ka yi masa ƙafafu, MDF ba ya shiri da ruwa, moping ɗaya da damina sai gindinsa ya kumbura. In an gama, danna wufar a hankali da yatsu: in ta dawo sannu-sannu ya rufu, in ta dawo fit to iska na fita wani wuri.

Ɗan Gada Biyu:
Allah ya saka da alheri. Na duba bayan amfilifayar, an rubuta 4 zuwa 8, alhamdulillah. Rufaffen zan yi, gobe zan kai wa kafinta awon. Injiniya, saura tambaya ɗaya: audugar filo da ake cusawa ciki, in cika shi taf ko rabi?

Injiniya Ƙaura:
Filo ɗaya ya isa. Ka warware ta sakwa-sakwa, kada ka danna, kuma kada ta toshe hudar da ke bayan maganaɗisun, ta nan yake shan iska.